Kaiso Ba Zai Shiga Ta Ƙofa Ba

Idus, wato sha uku ga Fabrairu, ranar da kwanakin matattu ke farawa.

Kaiso ya dawo. Ɗana, wanda muka yi wa jana'iza shekara biyu da suka wuce.

Bari in bi a hankali. Da rana tsaka, daidai lokacin da ake rufe ɗakunan alloli, Dawus mai tsaron ƙofa ya shigo a guje har yana tuntuɓe da randa. "Uwargijiya, ƙaramin maigida ne a waje, amma don girman allahiya Yuno kada ki fita!" Na fita zaure. Wani tsoho na gani a titi, babu haƙoran gaba, kai duk furfura, ga tabon ƙarfe a wuya. Ya ce, "Inna, an daina yin sannu da zuwa a gidan nan?" Muryar ce. Shekararsa ashirin da huɗu.

Ashe ba a kashe shi a yaƙin Hispaniya ba. Kama shi aka yi, aka sayar da shi ga masu haƙar azurfa. Zobensa da abokinsa ya kawo mana shaidar mutuwarsa, a yatsan gawar ɓarawon zoben ya same shi. Mu kuwa muka gina kabari ba kowa a ciki, na kira sunansa sau uku bisa al'ada har muryata ta dushe.

Ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofa, sai Maniyus ya tare da hannu biyu. Uban da ya haife shi! Wai, "Dakata, ɗana. Wanda aka yi wa jana'iza ba ya shiga ta ƙofa, kai ma ka sani." Na ce, "Maigida, matsa ko in ture ka." Bai matsa ba. Ni ma ban ture shi ba.

Yana tari. Tarin bai yi mini ba.

Washegarin Idus, baƙar rana.

Maniyus ya ɗauko Arrunsu, bokan da ke duba da hantar dabbar yanka, wannan mai tumbin da warin akuya ke riga shi shiga gida. Ya zauna ya cinye mana zaitun, sannan ya yanke hukunci: ta rufi za a shigo da shi, a zuro shi da igiya ta kafar da ruwan sama ke zubowa tsakar gida. Kuma ba yanzu ba, sai Feraliya, ranar ƙarshe ta kwanakin matattu, ta wuce, an sallami matattu sun koma kaburburansu. "A kwanakin nan suna yawo a gari, uwargida. Wa ya san wanda ke tsaye a ƙofarku?"

Na ce, "Matattu suna tarin jini, malam?" Ya ce abin da matattu ke yi da yawa. Na ce shi dai na san abin da yake yi, cin zaitun ɗin mutane. Maniyus ya ce, "Hostiliya, ya isa." Kullum maganarsa ke nan, ya isa.

Masauki uku Dawus ya zaga, duk sun ƙi karɓar Kaiso. Unguwar nan kaf ta ci tuwon jana'izarsa, ta san shi. Mai gurasa na ƙarshen lungu ne ya bar shi ya kwana a rumfar jakinsa, shi ma da sharaɗin kada masu saye su gan shi. Na aika da bargo biyu da kaskon garwashi daga maƙwabta, tunda a gidan nan maigida ya hana hura murhu sai kwanakin sun fita. Gurasa mai sanyi da cuku muke ci, don kada ran kakanninsa ya ɓaci. Kakannin da ko suna raye ba su iya bambance abinci mai zafi da mai sanyi ba.

Sha biyar kafin Maris, bikin kyarkeci.

Samari tsirara suna gudu suna tsula wa mata bulalar fatar akuya. Kaiso ya rarrafo bakin lungu don ya gani. Yana yaro ba a iya riƙe shi ranar nan. Da suka hango shi sai suka rabe ta ɗaya gefen titi, har da Fufiyus da suka koyi karatu tare. Kaiso ya ɗaga murya, "Kai Fufiyus, ɗan mai ƙafar agwagwa, ba gaisuwa?" Fufiyus ya tofa yawu a ƙirjinsa don kau da sharri, ya ƙara gudu.

Ni ina tsaye a ƙofa. Kaiso dariya ya yi har tari ya kayar da shi.

Sha huɗu kafin Maris.

Ruwa tun safe. Rumfar jaki tana yoyo.

Sha uku kafin Maris, bikin wawaye.

Yau ranar maigida ce, sai a taya shi murna.

Sabon salo ya fito da shi: kullum da asuba sai in ji shi a bayan gida yana kwara wa kansa ruwan sanyi yana ƙunƙunin addu'a, wai wankan tsarki. Tsoho ɗan shekara sittin, a wannan sanyin. Na leƙa ta taga na ce, "Wanke da kyau, maigida, alloli suna duba bayan kunne."  Haƙoransa na kaɗawa ya wuce ni.

Na sake buɗe littattafan Girkawan da babana ya bar mini. Abin da na sani ne dai: rai hayaƙi ne, jiki ya faɗi ya watse, babu mai dawowa, babu mai yawo a titi yana neman gurasa. Shekara talatin ina faɗa wa matan unguwar nan haka suna kirana mai bakin kunama. Kalandar ma da suke rawar jiki a kanta, wasu tsofaffi ne ke zama su ce yau fara, gobe baƙa, su ƙara wata su rage wata yadda ya yi musu daɗi. A kan wannan ɗana ke kwana da jaki.

Sha ɗaya kafin Maris, ranar kasuwa.

Ban so rubuta wannan ba.

Yau ni da kaina na kai masa abinci. Ba ya iya tauna, sai na jiƙa gurasa a ruwan inabi, na barbaɗa gishiri. Arrunsu ya ce kwanon da ya ci a ciki ba zai koma gida ba, kwanuka kuwa sun fara ƙarewa, sai na ɗauki tsingaron yumɓun rufi da iska ta jefo, na wanke, na zuba a kai. Na ajiye a ƙasa a bakin rumfar, na ja baya.

Ya dubi abincin, ya dube ni. "Inna, saura furanni."

Sai a lokacin na gani. Gurasa jiƙaƙƙiya, gishiri, a kan tsingaro, a ƙasa. Abin da ake ajiye wa matattu a bakin kabari ke nan, ba ragi ba ƙari. Hannuna ne ya haɗa shi ban sani ba.

Na ce kuskure ne. Ya ce, "Na sani. Yunwa nake ji, miƙo." Na tura da ƙafa. Da ƙafa! Ya ci, yana kallon jakin. Can ya ce, "Ke da kike cewa rai hayaƙi ne. Tun da na dawo ko yatsana ba ki taɓa ba." Na ce mura nake yi, kada in shafa masa. Ya ce, "To. Baba dai yana zuwa kafin gari ya waye. Shi ke riƙe mini kai idan tarin ya taso. Yana kuka kamar tsohuwa, duk ya jiƙa mini bargo. Kada ki ce na faɗa miki, tsoronki da yake ji ya fi tsoron alloli."

Ashe dalilin wankan asuba ke nan.

Goma kafin Maris.

 Na fasa tulun mai da gangan, na ce Dawus ne.

Tara kafin Maris, Feraliya.

Duk gidan an tafi maƙabartar bakin hanya da furanni da hatsi. Maniyus ya ɗauki kaso har na kabarin Kaiso, don wai har gobe a cikin matattu yake. Na ce kaina ke ciwo. Da zai fita ya tsaya ya ce, "Gobe da sassafe, Hostiliya. Kwana ɗaya ya rage." Na ce ya je ya ciyar da dutse.

Suna ɓacewa na tafi rumfar da Dawus. Kaiso ba ya iya zama. Leɓɓansa sun yi baƙi, numfashi kamar ana jan zarto. Na ce ba zai kai gobe a nan ba, yau zai shiga, Arrunsu ya mutu da haushi. Dawus ya goya shi har ƙofar gida.

Titi fayau, kowa yana maƙabarta. Ƙofa a buɗe. Daga inda muke ina hango gadon da na shimfiɗa masa. Dawus ya ce, "Uwargijiya, in shige?"

Na ce ya ɗauko tsani.

Ban san me zan rubuta a nan ba. Na dubi dokin ƙofar nan, na ga kamar idan ya tsallake shi wani abu zai biyo shi, ko kuma ƙofar za ta sake karɓe shi kamar yadda ta yi da farko. Bakina ne ya ce tsani. Kaiso ya buɗe ido ya ce, "Har ke, Inna?" Ba da faɗa ba. Da ma da faɗa ya faɗa.

Muka roƙi mai gurasa ya kama. Ana yayyafi, rufi da santsi. Sau biyu suka kusa sakinsa. An daɗe, an daɗe ƙwarai, yana kwance a kan yumɓu ruwa na dukansa suna ta fama da ƙullin igiya. Ni na shiga ta ƙofa abina, kamar mutum, na tsaya cikin ramin ruwan tsakar gida har gwiwa, na ɗaga hannu. Ƙafafunsa suka fara saukowa, na kama. Da zafi, zafi kamar gurasar da aka ciro yanzu. Na rungume shi, bai fi nauyin ɗan akuya ba. Ya ce a kunnena, "Kin ga? Ba hayaƙi ba ne."

Na hura murhu da hannuna. Da Maniyus ya dawo ya ga wuta, ya ga igiya tana lilo daga rufi, ya ga yaron a gado. Na shirya masa baƙaƙen maganganu tun rana. Ya ce kawai, "Ta rufi?" Na ce ta rufi. Ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafar gadon.

Takwas kafin Maris, Karistiya, ranar cin abincin dangi.

Dangi sun zo da kwanukansu, kowa da murmushinsa, tunda yanzu ya halatta a san shi. Fufiyus ma ya aiko da zuma. Kaiso ya sha cokali biyu na romo. Ya tambaya ko an ba jakin ruwa.

Likita ya ce jiƙewar jiya ce ta sauka a ƙirji. Ya ce ƙila kuma da ma can. Ƙila. Na kore shi.

Bakwai kafin Maris, ranar duwatsun iyaka.

Da hantsi ya cika. Hannunsa a cikin nawa.

Shida kafin Maris.

Arrunsu ya aiko wai ba a yi wa mutum ɗaya jana'iza biyu, a kai shi kabarinsa shiru, ba makoki ba kiran suna. Na buɗe baki in ba ɗan aiken amsar da zai kai, sai Maniyus ya riga ni. "Ka ce masa zan kira ɗana sau uku, in ya so ya zo ya hana." Ban taɓa jin muryar nan a bakinsa ba.

Gobe za a fitar da shi, ƙafa a gaba, ta ƙofa. Yanzu ba mai tare shi. Dutsen kabarin ya ce shekara ashirin da biyu, sai mai sassaƙa ya ƙara biyu.

Littattafan suna nan inda na bar su. Dawus ya tambaya ko ya kwance igiyar, na ce ya bar ta tukuna. Na tambayi maigida ko gobe rana ce mai kyau ta fita da gawa. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce mai kyau ce. Tambaya ce kawai.

Shi ya wanke gawar, don haka zai sake yin wankan nan nasa da asuba. Na ɗora masa tukunya a murhu. Ba wani abu ba ne, wutar dai tana ci.