Ɗakin da Ba a Gina wa Idwal Ba

Selattyn, 9 ga Mayu

Yaya Emrys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah kuma ya sa ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Mu dai muna nan. Tumaki sun gama haihuwa, ruwa bai ɗauke ba tun Maris. 'Yata Nerys ta koma bakin aikinta bayan jana'izar babanta. Katin ta'aziyyarka ya iso, na gode.

Ka san tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama maigidana Idwal bara, hawa bene ya gagare shi. Likita ya ce ba za a sallamo shi ba sai da ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa. Gaban gidan titi ne, filin da ya rage shi ne na bayan kicin, taku goma sha biyu daga gindin ganuwar Offa, dogon tudun ƙasar nan da Sarki Offa ya gina tun zamanin da. Na nemi izinin gini. Aka turo wata jami'a da takalmin roba sabo fil, ta auna, ta ɗauki hoto, ta sha shayina, ta ce wai tudun nan ya haura shekara dubu, dole a bi a hankali. Na ce mata nawa mijin shekararsa saba'in da huɗu kacal, amma shi yana jin ciwo.

Wata tara ana juya takardu, Idwal yana gidan kula da tsofaffi. Duk ranar da na je, da bakin nan nasa da ya karkace, sai ya tambaya ko an haƙa harsashi, ko kuwa har yanzu Sarki Offa bai sa hannu ba. In yi dariya, in ce saura kaɗan. A Janairu aka hana mu. A Fabrairu ya rasu, a ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci.

Makon jiya na je ofishin masu ba da izinin gini na ce a nuna mini fayil ɗin. Takardun ƙorafi uku ne. Biyu daga masu yawon ƙafa a kan ganuwar, ta ukun daga Kanada. Yaya, na gane rubutunka tun kafin in kai ga sunan. Wai a kan ganuwar nan ka girma, wai gadon kowa ce, gini zai ɓata kyanta. Shekara talatin da ɗaya rabonka da ita. Ni ke sare ƙayar da ke kanta, ni ke toshe ramukan zomaye. Ma'aikacin ofishin ya ce ko babu takardarka da wuya a ba mu, wataƙila gaskiyarsa. Amma kai ka san wanda za a gina wa ɗakin. Ni na faɗa maka a waya, ka ce Allah ya ba shi lafiya.

Ka ce za ka zo a Yuli ka nuna wa jikokinka inda muka yi wasa. Ku zo, hanyar kan ganuwa ta kowa ce. Amma ka nemi masauki a gari. Yaran su shigo, zan gasa musu burodin zabibi irin na Mama. Kai ka jira su a waje.

Ka gaida matarka Glenys, da ɗanka Aled da iyalinsa. Goggo Mair tana gaishe ka. Ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba.

Ƙanwarka,
Eirlys