Ƙaiƙayi a Idon Ruwa

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mu dai da sauƙi, sai Inna da cikinta ke ta murɗawa.

Idon ruwan ƙarƙashin dutse ya fara wari. Ka san Inna, ko kurkure baki ba ta yi da ruwan famfo. Ta ce wannan idon ne ya tsayar da kakanninmu har gari ya kafu, shekarar fari ma da rijiyoyi suka ƙafe shi ya riƙe jama'a, ba yau za ta guje shi ba.

Ni dai mai kajin da ka ba hayar gonar tudu nake zargi. Kashin kaji da mushe duk a ramin nan yake zubawa, ramin da Baba ya kewaye da ƙaya, ya hana a jefa ko ɓawon gyaɗa. Ka sallame shi.

Ka huta lafiya,
Yayarka.

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Allah ya ba Inna lafiya, don Allah a kai ta asibiti.

Amma haba Yaya! Ina gonar tudu, ina idon ruwa? Tafiyar da sai mutum ya yi gumi? Busasshen rami ne, ko da damina ba ya riƙe ruwa. Don kada awaki su faɗa Baba ya kewaye shi. Ni na ce wa mutumin nan ya cike shi, kuma ba zan tashe shi a kan zato ba.

Ki gaida yara,
Ƙanenki.

Ƙanena,

Ina gaisuwa. An kai ta, an ba ta gado.

Ba ya riƙe ruwa, ka ce. To ina ruwan yake tafiya, sarkin sani? Dutsen nan cikinsa duk kogo ne, kamar gidan gara. Ranar da aka yi ruwan sama na juye buhun ƙaiƙayi a ramin. Jiya da safe masu ɗiban ruwa suka ga ƙaiƙayi yana ɓullowa daga bakin idon. Ina tsaye a wurin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban gaya wa Inna ba. Har a gadon asibiti ruwan idon take nema, ni kuma ina ta yi mata hanya-hanya.

Ga kwalbar ruwan idon na ba direba ya kawo maka, da hannuna na ɗebo. Ka sha, sannan ka ba ni amsa.

Allah ya sada mu da alheri,
Yayarka.

Yaya,

Barka da ƙoƙari. Kwalba ta iso, buɗewa kawai na yi na mayar da murfi.

Ina hanya. Ki nemo mini shebur da masu saran ƙaya.

Ƙanenki.