Sunan da Jikanka Zai Ajiye

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanjuma Sarkin Fawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Labarin da na zo da shi ba mai daɗi ba ne, Baba, kuma gara ka ji shi daga bakina. Jikanka Nasiru zai ajiye sunan gidanmu. Ya riga ya kai maganar kotu a nan Bronx.

Ba ka san shi ba sai a hoto. A nan aka haife shi, a unguwar Tremont ya girma, yanzu ma'aikacin jinya ne a wani asibiti. Bara ya ga yarinya yana so, Hafsat, 'yar Alhaji Mudi na unguwar Mount Hope, Bakano irinmu, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Muka aika da goro da alewa. Aka maido mana su, ko ƙullin ba a kwance ba. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam Sabo, wallahi yaron nan ba shi da aibu. Amma ka san mutanen gida. Me zan ce wa yayyena in sun tambayi asali?"

Ba bincike ya yi ya gano ba. Ranar sunan ita Hafsat ɗin, ni ya ɗauka muka je wata gona a New Jersey, ni na feɗe ragon, na sassara shi yadda ka koya mini. A ranar, kiran mutane ya yi ta yi, wai a zo a ga hannun gado. Na ɗauka teku ta raba mu da wannan magana, ashe a cikin kayanmu muka ƙetaro da ita.

Ina tuna ka a kwata da sassafe, wando a naɗe zuwa gwiwa, mai kalangu yana sanar da unguwa an yi yanka. Kafin azahar ka goge hannu da toka da lemon tsami, ka sa farar riga. Kakan ce, "Kowa na son tsoka, ba mai son gaisawa da hannun da ya yanko ta." Da dariya kake faɗa. Da za a kai ni makaranta, kai ka dage a kira ni da sarautar Kaka, Sarkin Fawa, don kada boko ya sa na manta abin da ya ciyar da ni.

Sa'ad da Nasiru yake firamare, malamarsu ta sa kowane yaro ya tambayo ma'anar sunan gidansu. Da ya faɗi nasa, ta tafa hannu ta ce ashe 'yan uwa ne, don nata sunan, Metzger, mahauci yake nufi da Jamusanci. Da tsalle ya shigo gida ranar.

Na bi diddigin kalmar. Galibin masana harshe sun tafi a kan cewa daga harshen Latin ta fito, daga sunan mai cusa niƙaƙƙen nama a hanji yana sayarwa. A kudancin Jamus da yammacinta ake cewa Metzger. A gabas Fleischer suke cewa, a arewa kuma Schlachter, wato mai yanka. Da garuruwansu suka cika, masu suna ɗaya suka yi yawa, sai aka riƙa laƙaba wa mutum sana'arsa, 'ya'yansa suka gaji laƙabin ko da ba su taɓa riƙe wuƙa ba. Mahautansu suna da ƙungiya, suna da kima a gari. Amma kada ka ɗauka sun fi mu adalci. Su ma suna da waɗanda suka ware, masu feɗe mushe, ba a auren 'ya'yansu, ba a son zama kusa da su. Yau duk wannan ya goge. Mai sunan Metzger sai ya zama likita ko malama, ba mai shinshina shi.

Bayan an maido goron, na zaunar da Nasiru na jero masa wannan duka, ina zaton karatu zai yi masa magani. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Daddy, su ɗaruruwan shekaru suka yi kafin sunansu ya daina wari. Ni rai ɗaya gare ni."

Na ce masa canza suna ba zai dawo da Hafsat ba, daga Tremont har Harlem an san ɗan wane ne shi. Ya ce ya sani. Ya samu aiki a wata jiha mai nisa inda ba Bahaushe, can zai koma a matsayin Nasiru Sabo. Sunana ya riƙe, naka da na Kaka ya cire. Ya kuma roƙe ni abu guda: in Allah ya ba shi 'ya'ya, kada na gaya musu sana'ar gidanmu.

Baba, ban hana shi zuwa kotu ba. Na ga fuskarsa ranar da ya tarar da ƙullin goron a kan tebur, ba ni da bakin hana shi. Amma alkawarin yin shiru ban ɗauka ba, kuma na faɗa masa haka. Tun ranar bai ƙara cin abinci a gidana ba.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata makwancinka, ya saka maka da kowace loma ta halal da ka sa a bakinmu. Allah ya sanyaya zuciyar yaron nan, ya haɗa shi da mutanen da ba za su tambaye shi kakansa ba, ya kuma ba ni tsawon ran da zan gaya wa 'ya'yansa da kaina.

Ɗanka,
Sabo Ɗanjuma Sarkin Fawa
Tremont, Bronx