Abin da Muka Tarar a Tankin Motarka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ka saba samu daga gare ni, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Mu nan Gure muna lafiya. Inna ma da sauƙi, sai ciwon ƙafar nan da ka sani. Na rubuto ne a kan motarka, da kuma wani bawan Allah da na zalunta saboda ita. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarka, kuma abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba.

Ka yi ritaya daga aikin malamin dabbobi, amma dabbobi ba su sallame ka ba. Yau a kira ka Bune, gobe Gamu, ka ɗauki akwatin magani ka shiga ƴar farar motarka ka tafi. Esansi kuwa, wato fetur, na bakin hanya kake sha kamar kowa, kwalba biyu, ba ka taɓa yarda a cika tanki ba. Ba ka kuma yarda da tsumman da masu sayarwa ke tacewa da shi. Kana da mazurarinka, sai ka ciro auduga fara tas daga akwatin magani ka toshe wuyansa, sannan a zuba. Masu mai suna yi maka dariya, kai kuma ka nuna musu yashin da audugar ta kama. Ina alfahari da kai a lokacin, ina ganin duk garin babu mai tsafta irin taka.

Ka tuna yadda ciwon motar ke farawa. In an murɗa makulli, kafin inji ya tashi, akwai ɗan gunji da ke fitowa daga ƙarƙashin kujerar baya. Fanfon da ke turo mai daga tanki ke nan. Kai ka koya mini sauraronsa ranar da ka fara ba ni tuƙi a filin bayan lakwal, makarantar bokonmu. In fanfo sabo ne da ƙyar ake jin sa. Bayan wata huɗu ko biyar sai gunjin ya koma kuka, mota ta fara shaƙewa a kan tudu, ta mutu in rana ta take, a jira ta huce ta sake tashi. Wata rana kuma a murɗa makulli a ji shiru.

Sau uku Baba Kyari bakanike ya canza maka fanfon nan. Abokinka ne tun kafin a haife ni, garejinsa na bakin tasha, a can ma ka fi shan shayi fiye da gida. Amma duk lokacin da motar ta sake lalacewa sai ka dawo kana faɗa, kana cewa, “Kyari ya tsufa, ana miƙa masa jabu yana karɓa.” Kai ka faɗa ne ka manta kafin a kawo tuwo. Ni kuwa na ajiye.

Ranar nan ta bazara ka faɗi a tsakar gida da hantsi, baki ya karkace. Likita ya duba ka ya ce sai Damagaram. Ba mu jira motar asibiti ba tunda muna da tamu. Ni na tuƙa, Inna na baya ta ɗora kanka a cinyarta. Tun kafin Gidigir na fara jin kukan nan a ƙarƙashinku, na yi kamar ban ji ba, ina ta salati ina lallaɓa ta. Mun wuce garin da nisa, a kan wani ɗan tudu, ta yi tari sau biyu ta mutu. Na murɗa makulli. Shiru.

Kusan awa biyu muka yi a wurin. Babu inuwa sai ta wata aduwa da ba ta isa rufe ko akuya ba. Na cire mayafina ina yi maka fifita, ina fita titi ina ɗaga hannu, ina dawowa ina sake murɗa makulli kamar mahaukaciya. Da aka samu wata mota ta tsaya, Inna ta riga ta rufe maka ido.

Daga baya likita ya ce ko da mun isa ba tabbas. Ban saurare shi ba. Wanda zan ɗora wa nake nema, kuma kai da kanka ka riga ka ba ni sunansa.

Ranar sadakar uku na ji muryar Baba Kyari a ƙofar gida yana amsa addu’a. Ka san halina, kai ne ke ce mini tukunyar ƙarfe, saurin zafi. Na ratsa mata na fito zaure har gaban maza, abin da ba a yi. Ban ce Baba Kyari ba, Kyari na ce, gatsal. Na ce shi ya kashe ka da kayan jabu, ya ci amanar shekara arba’in, Allah ya isa tsakaninmu. Liman yana ba ni haƙuri, ni ko a jikina. Shi kuwa ya ɗauki takalmansa a hannu ya tafi, bai ce uffan ba. Na ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi.

Gure ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta. Direbobin tasha suka janye ɗaya bayan ɗaya, wa zai kai motarsa wurin wanda ya kashe amininsa? Kafin damina ta ƙare ya rufe gareji, ya koma gyaran injin ban ruwa a lambuna. Da na ji, Baba, daɗi na ji. Gara in faɗa maka gaskiya.

Motar ta dawo hannuna, da ita nake zuwa lakwal. Fanfo na huɗu ni na sayo shi da kaina a Damagaram, cikin kwalinsa ba a buɗe ba, wani bakanike baƙo da ya zo garin ya ɗaura mini. Na riƙe ta yadda ka riƙe ta. Kwalba biyu, mazurarinka, audugarka. In ina toshe wuyan mazurarin nan sai in ji kamar kana tsaye kusa da ni.

Wata biyar cif, sai kukan ya dawo.

Na koma wurin baƙon nan da zafina, na ce shi ma musanya mini ya yi ya ɗaura jabu. Bai yi fushi ba, ya ce, “Madam, fanfo huɗu ba sa mutuwa da ciwo ɗaya sai in abincinsu ɗaya ne.” Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya auna wutar da ke isa fanfon, lafiya lau. Ya duba matatar da ke kan hanyar inji, ba ita ba ce. Sai ya ce a sauke tankin gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi wa motar nan ba.

Ina tsaye aka juye shi a cikin daro. Bayan mai sai ga wani abu toka-toka yana fitowa guntu-guntu, kamar dusar da ta kwana a ruwa. A bakin fanfon akwai ƴar raga da ke tare datti, ta toshe ruf da abin nan. Ya ɗebo kaɗan ya ja tsakanin yatsunsa, sai ga zare-zare farare. Ya ce duk zubi ɗaya esansi na tafiya da ɗan gashin abin da aka tace shi da shi. In ya taru ya rufe ragar, fanfo ya yi ta zuƙa babu abin da ke shiga, ga tanki kullum kusan wayam babu man da zai sanyaya shi, sai ya ƙone. Sannan ya tambaye ni da me muke tace mai.

Mazurarin na cikin but ɗin motar, da sabuwar audugar da na sa masa da safiyar ranar.

Na yi kwana biyu kafin ƙafata ta iya kai ni lambun da Baba Kyari ke aiki. Na same shi tsugune cikin laka, ya rame, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na nuna masa abin da aka ciro, a ƙunshe cikin takarda. Ko mamaki bai yi ba. Ashe tun fanfo na farko ya gani. Ya gaya maka har sau biyu, ya roƙe ka ka bar masa motar kwana biyu ya wanke tankin, ka kuma daina audugar. Ka ce ana jiran ka a Bune. Ka ce masa, “Shekara talatin ina tace maganin dabba da auduga, babu saniyar da ta taɓa kai ƙarata.” Da ya maimaita maganar na ji muryarka sak, har da dariyar.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa ranar da na ci mutuncinsa. Ya ce, “Ƴata, kwanansa uku a ƙasa. Da wane baki zan ce shi ya ja wa kansa?”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata goma sha ɗaya yana ɗauke da laifin da ba nasa ba, don kada a taɓa sunanka. Ni ƴarka ban yi maka irin wannan ba.

Baba, ka yi taurin kai. Ban taɓa faɗa maka haka kana raye ba, kuma ina kuka nake rubuta shi. Kulawarka ce ta cinye fanfunan nan, kuma ba ka jin gyara daga bakin kowa in dai kana ganin ka iya. Ni ma a wurinka na gado. Ina son ka yadda nake son ka jiya, wannan bai rage komai ba.

Inna ta ce in bari, ba a tona asirin wanda ke kwance. Baba Kyari ma cewa ya yi in bar shi, nasa sunan ya riga ya tafi, kada a haɗa da naka. Na san magana zarar bunu ce, direbobin da suka tafi ba duka za su dawo ba, ƙarfinsa ma ya tafi a lambunan nan. Amma yana da iyali, kuma ƴaƴansa na tafiya cikin garin nan ana nuna su. Ba zan bi maganar Inna ba, ba zan bi tasa ba. Na roƙi liman ya tara mutanen ranar nan bayan sallar Juma’a, a zauren nan dai. Wannan wasiƙa ma na bar ta a buɗe don kowa ya karanta.

Ka yafe mini, Baba. A ƙofar gidanka zan tsaya in faɗi kuskurenka, a gaban mutanen da suka yi maka salla.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha a hanyar nan ya zama kaffara. Allah kada ya tambaye ka hakkin Baba Kyari. Kai a tsakar gida ka yi faɗanka, ni ce na kai shi waje.

Ƴarka mai kewarka,
Fanna