Zaren da Baba Bai Ƙulle Ba

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na rubuto maimakon kira ne saboda kunnen Baba ya fi idonsa aiki yanzu.

Idon ya tafi, Auta. Har yau yana zama a kujerarsa ta bakin taga a shagonmu, ya zaro zare daga kalmasar rigar da aka kawo gyara ya cike hujin da shi, kamar yadda ya koya mana. Amma cikon a karkace yake fita. Jiya wani ya kawo kwat ɗin da guga ta ƙona, Baba ya cike baƙin yadi da shuɗin zare, ya miƙo min yana cewa, "Nemo wurin in kin isa." Na ce ban gani ba. Idan ya tafi cin abinci sai in warware in sake. Kujerar nan ce kaɗai ta rage masa tun rasuwar Inna. Kar ka gaya wa kowa.

Yayarka

*

Yaya,

Na same ki lafiya? Gaskiya raina ya ɓaci. Aiki biyu kike yi, ga ciwon bayanki. Kuma Baba ba yaro ba ne da za a riƙa yi masa wasa da hankali. Ku a shagon nan komai sai an ɓoye, kun saba ɓoye yaga har kun ɗauka kowace matsala haka ake mata. Zan kira shi da kaina, cikin ladabi. Ya huta haka nan.

Ki gaida yara.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ka kira, ka kyauta.

Da ya ajiye wayar bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zo nan, 'yar hagu." Ka san shi da tsokanar hannuna. Ya ce cikona hagu yake kwanciya, ko a mafarki ya shafa zai gane. Ya ce, "Ba ki lura na daina ƙulle bakin zare ba? Don kar ki wahala wajen warwarewa ne."

Ashe ya daɗe da sani. Ni ina murna aikin yana warwaruwa da sauƙi, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na ce to me ya sa yake zuwa? Ya ce shagon ya yi wa mutum ɗaya shiru. Amma tunda an faɗa a fili, ba zai iya sake miƙo min riga ya ce in nemo wurin ba.

Ya soke allurarsa a labulen tagar ya koma gida. Bai sake fitowa ba. Ina aiki ina kuka, har masu kawo kaya suna tambaya ko rasuwa aka yi. Ina fushi da kai, ba zan ɓoye maka wannan ba.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yafe min, ban san haka zai zama ba. Ga rigata na aiko, ƙusa ta kama ta a wurin aiki. Ki ce masa ban yarda kowa ya taɓa ta ba sai shi.

Ƙaninki

*

Auta,

Rigar ta iso lafiya. Na kai masa har ɗaki, tare da allurar.

Ya daɗe yana shafa wurin. Ya ce, "Ƙusa ba ta yanka a miƙe haka. Almakashi ne." Ya yi 'yar dariya, ya ce in gaya maka ya gode, Allah ya yi maka albarka.

Rigar tana ƙarƙashin matashinsa. Allurar ya dawo min da ita.

Ka huta lafiya.
Yayarka