Takalma a Buhun Shinkafa

Mirpur, Dhaka

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya gwiwar taka, ya ƙannena? Allah ya sa ruwa bai hau gonar ba. Ni lafiya ƙalau, sai ciwon baya na keken ɗinki.

Abba, ka ce in kama bakina. Wallahi na kasa. Tun da gobara ta cinye gidan hayar bayan layinmu, Moyna 'yar garinmu ta rasu tana jijjiga ƙofar ƙarfe a kulle, barci bai ƙara yi mini daɗi ba. Jajayen takalmanta da ta ba ni in kai gyara suna nan ƙarƙashin tabarmata. Mu ma irin ƙofar nan gare mu. Haji Mokbul mai gidan hayarmu yana datse ta da kwaɗo bayan isha ya tafi da makulli, wai yana tsare mutuncin 'yan mata. Murhun gas kuwa yana gindin matakala.

Yanzu hukumar birni za ta zagaya gidajen haya. Jiya Haji ya zo ya ce jami'an nan takalman bakin ƙofa suke fara dubawa, tunda ba mai shiga ɗaki da takalmi, da su ake gane yawan mutanen gida, mu kuwa mun yi wa gidan yawa. Wai mu zuba namu a buhun shinkafa, a bar kaɗan, sauranmu mu hau rufi mu ɓuya bayan tankin ruwa. "Wadda ta yi tari, a titi za ta kwana," in ji shi. Shefali ta ɗakinmu, mai tsohon ciki, ta ce, "Haji Saheb, shi wannan cikin wane buhu za a sa shi?" Muka kwashe da dariya, shi ko ya haɗe rai.

Wata mata daga ƙungiyar masu ɗinki ta gaya mana muna da ikon tsayawa a duba gidan a gabanmu, mu faɗi damuwarmu, kuma ba a korar ɗan haya sai da wa'adi. Ina jin tsoro, Abba, ba zan ɓoye maka ba. Ka yi mini addu'a.

'Yarka,
Jorina

Mirpur, Dhaka

Abbana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na ji tarinka ya dawo, don Allah ka daina fita da asuba ba mayafi.

Sun zo, Abba! Matan suka hau rufi, ni na ƙi. Da na ji jami'an a matakala sai na jawo buhun na zazzage shi, takalma suka gangara har gaban ƙafar shugabarsu, wata mata mai tabarau. Haji ya daburce, ya ce ai na sayarwa ne. Ta ɗaga wani da diddigensa ya cinye ta ce, "Wa zai saya wannan, Haji Saheb?"

Na ɗaga murya na kira matan da ke kan rufi. Sai ga Shefali tana saukowa dafe da bango, sauran suna biye. Kowacce ta zura ƙafa a nata. Jajayen nan da na saka a buhun suka rage ba mai su. Matar nan mai tabarau ta tambaya na wace ce. Na gaya mata, na nuna mata kwaɗon. Kafin su tafi aka sare shi, aka ce murhun ma ya bar matakala.

Haji ya ce in kwashe kayana a yau. Na ce ya kawo wa'adi a rubuce, kafin nan ko tabarmata ba zan naɗe ba. Kada ka ce in dawo gida, Abba, ba zan dawo ba.

Ka je wajen uwar Moyna ka gaya mata takalman 'yarta ba za su zo ba. Da su muke tokare ƙofar a buɗe.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai taurin kai,
Jorina