Fiton Aisami

Gure, ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Nasira,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatun likita da abokan zamanki na Damagaram. Kada ki yi wa rubutuna dariya. Kin san ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba malami ya roƙi kakanki ya maida ni kiwo, wai awaki sun fi shi buƙatata. Na ba Usaini direba takarda ne don in na kira ki a waya ba muryata kike ji ba, ta kanarinki ce.

Shi ne ma dalilin wasiƙar. Zinariya (har yau ban yafe miki sa wa namiji sunan mace ba) ya ƙi yin shiru tun rasuwar maƙwabcinmu Aisami. Kin tuna yadda marigayin ke tsayawa bayan katanga kowace safiya kafin ya tafi lambu, ya yi fito, tsuntsun ya amsa. To yanzu ba mai fara masa, sai ya haɗa duka, na Aisami da nasa, daga hantsi har faɗuwar rana. In kin rufe ido sai ki rantse mutumin ne.

Matarsa Inna Yabawa kuwa tana takaba a bayan wannan katangar. Jiya Fannami, ƙanen marigayin, ya same ni a shago. Na tura masa kujera, bai zauna ba. Ya ce gidan makoki ba gidan biki ba ne, mata masu zuwa gaisuwa sun fara raɗa cewa fiton mamaci na fitowa daga gidana, matar wansa kuma kullum cikin kuka. Na ce ya yi haƙuri, tsuntsun jahili ne irina, bai karanta babin takaba ba. Bai yi dariya ba. Ya ce Juma'ar sama ce sadakar arba'in, a ƙofar gida za a shimfiɗa tabarmi. In malamai suka ji fiton nan ana tsakiyar addu'a, maƙwabtaka ta ƙare, kuma da hannunsa zai buɗe kejin.

Kin san abin da shaho ke yi da tsuntsun keji. Ki turo mini dabara.

Mahaifinki,
Illa mai shago

Damagaram, ranar Talata

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya jiƙan Baba Aisami.

Don Allah kada a bari kowa ya buɗe kejin. Zinariya bai taɓa neman abinci da kansa ba. Ka ɗauke shi daga jikin katanga. Ka daina ba shi jan barkono da ƙwai, gero da ɗanyen ganye sun ishe shi. Haske ne ke sa kanari waƙa, saboda haka ka lulluɓe kejin da zane mai duhu da safe, lokacin da ya saba jiran fiton, in rana ta ɗaga ka buɗe. Baba, ka buɗe. Na san halinka da magani.

Kuma ka rage wa Baba Fannami barkwanci, wansa ya rasa.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Nasira

Gure, ranar Lahadi

Nasira,

Gaisuwa da fatan alheri. Mahaifiyarki har yanzu tana Gamu wajen jinyar kakarki, don haka duk wautar da za ki karanta tawa ce ni kaɗai.

Na kai Zinariya shago, ya tara mini yara, Fannami ya wuce bai yi sallama ba. Na kai shi madafa, ya ƙara murya kamar ladan. Sai na ɗauko baƙin zanen mahaifiyarki. Ya yi aiki nan take. To kin san ubanki, in likita ya ce cokali, ludayi nake nema. Na ce tunda safiya ɗaya ta yi magani, bari in bar shi har a yi sadaka. Tun ranar Laraba ban ɗaga zanen ba sai don zuba ruwa.

Yanzu ya yi shirun da ake so. Geron da na zuba yana nan yadda yake. Ya sauka daga kan karansa, ya kumbura gashi a ƙasan keji. Na gwada yi masa fito da kaina, da haƙoran da suka rage mini, iska kawai ta fita. Ko kallona bai yi ba.

Fannami ya zo ya ba ni hannu, ya yi godiya. Amma ya ce bai amince da zane ba, tsuntsu ya bar unguwa kafin Juma'a. Usaini yana da ɗan'uwa a Alakos mai son tsuntsaye, motarsa za ta tashi Alhamis da safe. Na ce to. Ban sani ba ko zai kai can da rai a wannan hanya. Amma Aisami ne ya ɗauke ki a kafaɗa zuwa likita ranar da kunama ta harbe ki ina kasuwa. Ba zan bari a ce gidana ya sa matarsa kuka ba.

Unguwa ta yi tsit. Ko sharar da Yabawa ke yi da safe na daina ji.

Ki yafe wa tsohonki.
Illa

Damagaram, ranar Talata

Baba,

Ina gaisuwa. Kafin ka ƙarasa karanta wannan, ka ɗaga zanen ka sa shi inda iska take.

Tambaya ɗaya gare ni. Baba Fannami ya ce Inna tana kuka. Ita ce ta ce a kawar da tsuntsun? Kai ba ka shiga wurinta, ita ba ta fita, duk maganar a bakin maza take yawo. Ga wata takarda na naɗe a ciki, ka ba Habsu mai fura ta miƙa mata hannu da hannu. Kada ka ba Usaini kejin sai amsa ta zo.

Allah Ya ƙara girma.
Nasira

Gure, ranar Laraba

Malam Illa,

Assalamu alaikum. Na gode da gaisuwa da hatsin da ka aiko. Takardar 'yarmu ta iso, sai yau na san abin da ake ciki.

Ina kuka, gaskiya ne. Mijina ya mutu. Amma fiton nan ne ke tashe ni in ɗauki tsintsiya. Da ya ɗauke, na zaci tsuntsun ma ya bi shi, na kasa tambaya.

Na yi magana da Fannami ta bayan labule. Ranar Juma'a ka rufe kejin har malamai su shafa addu'a, wannan haƙƙinsu ne. Usaini kuwa gobe ya tafi da motarsa, ban da tsuntsun.

Gobe da safe ka maida kejin jikin katanga. Nasira ta ce ya daina waƙa. Tunda nake ban taɓa yin fito ba, ba aikin mace ba ne, amma na san yadda Aisami ke farawa. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ba na son a ji na kuskure.

Wassalam,
Yabawa